Yadda Baba Ya Auna Hajiya Tumatir

Ku ƙannena, Sani da Balki, da duk wanda za a haifa mana nan gaba, ku zauna ku ji. Na gaji da jin labarina a bakin mutane, kowa da irin nasa gishiri. Sani yana gaya wa abokansa wai likitoci sun zare mini hanji mai tsawon gadar Gaya sun bar shi a Parakou. Balki kuma ta ce wa 'yan ajinsu na taɓa yin baki biyu. To hanjina yana nan cikin cikina, an mayar da shi wurinsa tun bara. Abin da ya faru a daminar da nake shekara goma sha biyar, ga shi nan yadda yake. In na ƙara gishiri kaɗan ne, kuma ni ke da ikon ƙarawa tunda cikina aka tsaga.

Zazzaɓin taifot ne ya kama ni ana gama lakol, wato makaranta. Na yi kwanaki a kwance ana cewa masassara ce, har ranar da cikina ya ƙulle ya yi tauri kamar ganga. Aka ɗauke ni a mota zuwa babban asibiti a Parakou, ban sake sanin komai ba sai da na farka na ga Inna zaune a gefena idanunta sun yi ja. Likita ya ce ciwon ya huda mini ƙaramin hanji, sun gyara, amma wurin yana bukatar hutu na wasu watanni. Kafin nan sun fito da bakin hanjin ta gefen dama na cikina, ƙasa da cibiya kaɗan. Ta nan duk abin da na ci zai riƙa fita ya zuba cikin jaka. Ranar da na fara ganin abin na yi kuka har na gaji. Washegari na sake dubawa, na ga ja ne, zagayayye, yana sheƙi, kamar tumatir da aka ɓare wa baya. Ga shi yana gurnani lokacin da ya ga dama, ko gaban likita ne, babu mai iya ce masa ya yi shiru. Sai na sa masa suna Hajiya Tumatir.

Jakar roba ce mai laushi, a samanta akwai wani faifai mai danƙo. A tsakiyar faifan ake yanke rami daidai girman Hajiya, a manna a fata. In ramin ya yi daidai, komai jaka yake faɗawa. In akwai fili a gefe, abin sai ya taɓa fata ya ƙona ta kamar barkono, ya bi ƙarƙashin danƙon ya ɓamɓare shi. Yanzu na san wannan kamar sunana. A lokacin kuwa, ranar da za a sallame mu, wata ma'aikaciyar jinya ta zana da'ira a kan kwali ta miƙa wa Inna, ta yi dogon bayani da Faransanci. Inna ba ta jin Faransanci, ni ce tafinta. Ni kuma hankalina yana kan wata mai gasa masara da nake hangowa ta taga, masarar da aka riga aka haramta mini.

"Mi tac ce?" in ji Inna.

"Ta ce a yanka kamar wannan."

"Dut wannan doguwar magana?"

"Haka Faransanci yake, Inna, nesa yake zagayawa."

Sai bayan wata biyu na tuna kamar a cikin doguwar maganar akwai cewa a riƙa sake awo kowane mako. Wannan laifina ne, na rubuta shi da hannuna, kada wani ya ce na ɓoye.

Da muka dawo Malanville aka raba aiki. Yanka na Baba ne, ba a ma yi shawara ba, domin shekara talatin yana riƙe da almakashi a layin teloli, bayan 'yan albasa. Mannawa ta Inna ce. Kaka Dije, mahaifiyar Baba, ba wanda ya ba ta aiki, ita ta ɗaukar wa kanta. Sai dai akwai abin da ya kamata ku gane game da ni da Baba. Ni ce ɗiyarsa ta fari, kuma sunan Kaka aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, "Uwata" yake cewa, yana kallon gefe. Tun da na fara girma ko ɗakinmu ba ya shiga. Awon rigar salla ma Inna ke yi ta kai masa a takarda. Saboda haka Baba bai taɓa ganin Hajiya Tumatir ba. Kwalin Parakou kawai ya gani. A rumfa yake yanke faifan, ya jera a kwano mai murfi ya kawo gida da yamma kamar tsire.

Baba kuma yana da aƙida ɗaya a ɗinki: yaro girma yake yi. Bai taɓa ɗinka mana kaya daidai jikinmu ba. Wandon da Sani yake zuwa masallaci da shi yanzu, ina jin tun ranar sunansa aka ɗinka, har yau ana naɗe ƙafar. Da ya ɗora kwalin a kan faifai sai ya bi da'irar ta waje, ya bar mini wurin girma.

Kaka kuma man kaɗe ne addininta na biyu. Ciwon kai, man kaɗe. Harbin kunama, man kaɗe. Ƙofa na ƙara, man kaɗe. Na taɓa ganin ta tana kallon rediyonmu da ya lalace da wani irin ido, sai da Baba ya ɗauke shi. Duk ranar canjin jaka sai ta shigo da 'yar ƙwaryarta, ta ga fatar ta yi ja, ta ce, "Takwara, sun ƙone ki," ta lakato ta shafa, sannan Inna ta manna faifai a kai.

Abin da ya biyo baya ba na son tunawa, amma don ku zan faɗa. Jakar ba ta kwana. Ta zube ina alwala. Ta zube ina atishawa. Ta zube ranar da matan unguwa suka zo dubiya, ina tsakiyar ce musu na ji sauƙi ƙwarai. Igiyar shanyarmu ba ta taɓa hutawa ba, har maƙwabta suka ɗauka Inna ta fara wankau. Kowace yamma Inna ta ce wa Baba a hankali, "Ta sake zubewa." Shi kuma ya girgiza kai ya ce, "Matse ta ya yi. Abu in ya matse dole shi ɓarke." Washegari ya ƙara faɗin ramin. Fatar ta ƙara ja, Kaka ta ƙara mai. Haka muka yi ta zagayawa, mutum uku suna ƙaunata iya ƙarfinsu, ni ina soyuwa a tsakiya. Jakunkunan kuma ba a samun su a garinmu. Kawu Garba, direban babbar mota, shi ke kawo kwali ɗaya daga Cotonou duk wata, mu kuma kwana goma muke cinye shi.

Saura kwana goma sha biyu a koma lakol, ƙawata Fati ta zo da sababbin littattafanta tana ba ni labarin wanda zai koya mana lissafi. Ajin ƙarshe na koleji za mu shiga, shekarar babbar jarrabawa. Tana fita na ce wa Inna a fito mini da kakina na lakol a goge.

Inna ta ajiye tsintsiya ta zauna a bakin gado.

"Ke, saurara. Ba ni aika ki cikin ɗiyan mutane ki zube gabansu. In ta zube miki cikin aji, har ki tsufa da sunan za a kira ki."

"Inna, in ban je bana ba, su Fati wucewa za su yi su bar ni."

"Su wuce. Shekara ɗaya ba ta kashe mutum."

Na yi kuka na gaske, na ƙara da na ƙarya. Inna ta san bambancinsu, ta jira duka biyun suka ƙare, sannan ta ce, "To ji nan. In jaka guda ta yi kwana ukku cur ba ta zube ba kahin ranar komawa, ki tahi. In ba ta yi ba, ki zamna gida har a maida miki hanjinki." A lokacin jakar da ta fi kowace daɗewa a jikina, daga asuba zuwa la'asar ta kai.

Washegari muka je ƙaramin asibitin unguwarmu saboda fatar ta fara tsatsar da ruwa. Madam Rakiya muka tarar, wata doguwar mata 'yar Dendi, mai haɗa Hausa da Dendi da Faransanci a numfashi ɗaya. Tana ɗaga rigata ta shinshina iska.

"Wa ke shirin soya yarinyar nan?"

Inna ta sunkuyar da kai. Madam ta cire jakar, ta ɗaga faifan, ta leƙo mu da ido ɗaya ta cikin ramin.

"Wannan taga ce ko ƙofa? Wa ke yankawa?"

"Babanta. Tela ne," in ji Inna.

"Ya auna ta?"

Ni da Inna muka kalli juna. Madam ta bayyana mana cewa bayan aiki bakin hanji a kumbure yake, sannan ya yi ta raguwa mako bayan mako. Kwalin Parakou na Hajiya ce lokacin tana da ƙiba. Yanzu ta rame, mu kuma muna ta ƙara mata ɗaki. Ramin ya kamata ya zauna kusa da ita, filin da zai rage kada ya wuce kaurin ashana. Mai kuwa ko ɗigo kada ya taɓa wurin, ruwa kawai, a bari ya bushe ƙayau. Ta ba mu wata hoda ta barbaɗawa inda ya ƙone, ta ce a kakkaɓe sauran kafin a manna, a riƙa canji da sassafe kafin in ci komai, lokacin da Hajiya take barci. Katin awo ba ta da shi, amma ta ce in nemi wani abu zagayayye daidai girmanta in kai wa mai yanka.

A hanya na ce wa Inna, "To sai ki gaya musu."

"Ni? In ce ma uwar mijina man nata na da illa? In ce ma babanki bai iya yanka ba? Ke dai da Allah ya ba baki, ga ranarsa ta zo."

Da Kaka na fara, don ita abokiyar wasata ce. Na same ta tana tsince shinkafa na ce, "Tsohuwa, likita ta ce man naki ya yi ƙarfi da yawa, har danƙon Turawa yake kayarwa."

Ta ɗago kai, fuskarta ta washe. "Na sani. Wannan na Madécali ne, ba irin na kasuwa ba."

"Ta ce a mayar da shi ƙafafu, daga can zai hau."

Tun daga ranar ƙafafuna suke sheƙi har ina zamewa cikin takalmi, amma cikina ya tsira.

Na Baba ne mai wuya. Da safe bayan ya fita na ɗauko gwangwanin maɓallansa na gida, na kulle ɗaki, na jingina madubin Inna da bango. Na yi ta ɗora maɓalli kusa da Hajiya ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓar mata miji. Na riga ya yi ƙanƙanta, na kwat ɗin mata ya yi girma. Can ƙasa na samo wani baƙi, na tsohuwar rigar ruwan wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, shi ya zo daidai. Na naɗe cikina da zane biyu na hau kabu-kabu zuwa kasuwa. Na tarar da Baba shi kaɗai yana taka keke. Da ya gan ni ya tsaya.

"Uwata, lahiya? Wa ya bar ki kika hito?"

Na ajiye maɓallin a kan keken, na ajiye faifan da ya yanka jiya kusa da shi. Maɓallin ya faɗa cikin ramin ya yi ta yawo kamar ƙwallo a fili.

"Baba, wannan ne girmanta yanzu. Ba girma take yi ba, raguwa take yi."

Ya kalli abin, ya kalle ni. "Shekara talatin ina yanka ma alhazan Kamba da na Gaya, ba wanda ya taɓa maido min riga."

Nan ya kamata in yi shiru. Amma saura kwana goma, kuma bakina bai saba tsayawa a inda ya kamata ba.

"A cikinsu akwai wanda ka yanka wa ba ka auna shi ba?"

Baba ya leƙa waje. Ya kira mai kabu-kabu ya ce ya mayar da ni gida a hankali. Da yamma ya dawo babu kwano a hannunsa. Tuwonsa ya huce a rufe. Na gaishe shi ya amsa ba tare da "Uwata" ba, wannan kuwa ya fi mini zafin fatar. Na kwanta ina cewa na rasa lakol, na kuma ɓata wa Baba rai a banza.

Da sassafe bayan ya dawo masallaci na ji muryarsa a bayan labulen ɗakinmu, wurin da ya yi shekaru bai tsaya ba. Da Inna yake magana, ko da yake tsakanina da shi taku uku ne.

"Tambaye ta, in ta zamna, hwatar na lanƙwashewa?"

Inna ta juyo. "Wai in kin zamna..."

"Na ji. Ce masa tana lanƙwashewa ta gefen cibiya."

"Ta ce tana..."

"Na ji," in ji Baba.

Sai hannunsa ya shigo ta gefen labule riƙe da wani farin ƙyalle babba, sabo, an wanke an goge. A tsakiyarsa ya yanke 'yar taga mai faɗin tafin hannu, har ya daje bakinta da zare. Ya ce Inna ta lulluɓe ni daga wuya har ƙafa, ta daidaita tagar a wurin. Da ta gama ya yi sallama kamar baƙo ya shigo, igiyar awo a wuya, tabarau a hanci, ya durƙusa.

Na zaci Hajiya zai kalla. Fatar ya kalla, da'irar nan ja mai tsatsar ruwa, wadda faɗinta daidai yake da filin da yake bar mini na girma. Ya daɗe yana kallo. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar, ya sake cirewa.

"Almakashina ya yi wannan?"

Hajiya ce ta cece mu, ta saki wani dogon gurnani kamar babur ya ƙi tashi. Inna ta toshe baki. Ni na fashe da dariya har ƙyallen na rawa. Baba ya ce, "To, na ji gaisuwa, ina kwana," ya warware igiyarsa.

Daga nan tela ya karɓi aiki. Ya auna ina kwance, ya sa na zauna ya auna, ya sa na yi ruku'u ya duba inda fatar ke naɗewa. Ya ce maɓallina ya yi ƙoƙari amma ƙarya yake yi: Hajiya ba zagayayya ba ce, ta fi faɗi ta gefe, kamar wuyan riga. Ya zana sabon kwali, ya yanka faifan a gabanmu da ƙaramin almakashinsa na aikin wuya, ya shafa bakin da yatsa don kada ya yi kaifi. Inna ta wanke da ruwa, ta yi fifita har ya bushe, ta barbaɗa hoda ta kakkaɓe, ta ja fatar ta miƙe, ta manna, na dafe da tafin hannu har ya ɗumama.

Wannan jakar kwana ɗaya da rabi ta yi. A gidanmu kamar an yi haihuwa, amma Inna ta ce ukku ta ce. Baba ya karɓi tsohon faifan ya juya bayansa yana karantawa kamar wasiƙa, ya ga ta ƙasa ta fara saki, inda nauyi ke ja ga kuma gumi. Washegari kafin azahar ya ɗinko mini ɗamara ta auduga mai aljihun da jakar za ta zauna ciki. Ya ce kuma kada in bari ta cika, ta kai kashi ɗaya cikin uku in je in zubar.

Ta biyun ce ta yi abin. Ranar farko na yi ta tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai a ka. Rana ta biyu na ce in za ta ci amanata gara ta ci a gida: na yi tsalle, na yi shara a duƙe, na sa Fati ta ba ni dariya da gangan, na roƙi Kawu Garba ya ɗauke ni a babur har hanyar Guéné ya bi ta kan kowane rami. Rana ta uku Inna ta duba ni sau ɗari, Kaka ta ce aikin man ƙafa ne. Da safiyar ta huɗu aka cire, fatar a bushe, jan ya fara dushewa. Inna ta miƙe. Ta buɗe akwati ta fito da kakina ta ɗora gawayi a dutsen guga. Tun daga nan kowace Juma'a da safe Baba yake zuwa da farin ƙyallensa ya sake awo, har aka mayar da hanjin.

Ranar komawa na tafi da jaka ɗaya yankakkiya a cikin littafin lissafi, da gorar ruwa, da gargaɗin Inna mai tsawon huɗuba. Na zauna kusa da Fati. Awa ta farko ban motsa ba, hannuna a kan ciki. Awa ta biyu na manta da hannun. Kafin awa ta uku ina ba layinmu labarin yadda aka tsaga ni da wuƙa mai tsawon takobi, sai na ji aji ya yi tsit, mushe, wato malaminmu, yana tsaye a kaina. Bai san komai game da cikina ba. Ya ce in an tashi ni da Fati mu share aji har da baranda.

Ban iso gida ba sai da rana ta karkata. Tun daga nesa na hango Inna tsaye a ƙofar gida da zane naɗe a hannu, ta shirya rufe ni. Baba yana bayanta, ya rufe rumfa tun azahar, abin da ko ranar da ruwa ya ci kasuwa bai yi ba. Idanunsu duka a kan kakina.

"Ta zube?" in ji Inna, murya ƙasa ƙasa.

"A'a."

"To mi ya tsai da ke?"

"Horo aka ba ni. Surutu."

Inna ta tsaya tana kallona. Ta ce alhamdulillahi sau uku, ta miƙa wa Baba zanen, sannan ta kama kunnena ta murɗe shi da dukan ƙarfinta, karo na farko cikin wata uku, ta ja ni har cikin gida.